Gyaran Gida: Fitilar Keke da Ruwan Damina

Daga watan Yuni zuwa Satumba, musamman cikin Agusta, kukan masu keke a Maraɗi da Damagaram da Tawa ɗaya ne: fitila ta mutu. Da yawa sukan ɗora laifin a kan ƙwai ko dinamo, su sayi sabo, alhali ciwon yana wurin da waya ta haɗu da ƙarfe.

Dinamon da ke gogar taya wutarsa kaɗan ce, bolt 6 da wat 3, fitilar gaba da ta baya kuma su raba. Wutar da ba ta fi haka ba ƴar tsatsa ma tana tare ta. A kekuna da dama waya ɗaya ce ke kai wuta, jikin keken ne ke mayar da ita. Saboda haka idan ƙarfen da ke riƙe da fitila ya yi tsatsa, hanya ta yanke ko da waya lafiyarta lau. Ƙurar da rani ya bari a mahaɗa ita ke shan ruwan farko ta riƙe danshi, sai jan ƙarfen waya ya koma kore.

Abin da aka fi yi shi ne a naɗe wurin da leda a ɗaure tam. A ganina wannan ya fi barin sa a buɗe muni. Ruwa yakan bi jikin waya ne ya gangaro, kamar yadda yake bin igiyar shanya, ya shige ƙarƙashin ledar, sannan ya rasa mafita. Wurin da da zai bushe cikin awa guda sai ya kwana uku a jiƙe.

Ga abin da ya fi. A kwance mahaɗar, a kankare waya da ƙarfen har su yi ƙyalli, a ɗaure da kyau, sannan a shafa ɗan basilin ko giris a kai. A bar wa waya ɗan sako-sako, ta sauko ƙasa da mahaɗar kafin ta hau ta shiga, domin ruwa ya ɗige daga wannan lanƙwasa. Idan za a rufe, a yanko guntun tsohuwar robar cikin taya a sa kamar hula, sama a rufe, ƙasa a buɗe. Baƙin salatif yana taimako, amma zafin ranarmu na narkar da ƙaronsa. A riƙa sabunta shi.

Fitilun caji na yanzu ramin cajinsu ne ƙofar ruwa. A tabbata murfin robar ya zauna, kuma kada a sa caji sai ramin ya bushe sarai.

Iyaye, wannan aikin namu ne. Yaron da ke dawowa daga makarantar dare, da dattijon da ke fita sallar Asuba cikin duhu da hadari, fitilar baya ce kawai ke shaida wa mai babur da mai mota cewa akwai rai a gabansu, ita ce kuma mahayi ba ya ganin mutuwarta. A ɗaga taya a juya ta a tsakar gida kafin fita, wani ya tsaya a baya ya duba.

Idan fitila na dusashewa ne kawai lokacin da ake ruwa, ta dawo bayan an ɗauke, to kan dinamo ne ke santsi a jiƙaƙƙiyar taya. A matso da shi kusa, a bar waya yadda take.