Hawan jinin da tushensa ke saman ƙoda

A saman kowace ƙoda akwai wata ƙaramar gaɓa da likitoci ke kira adirenal. Idan ƙari ya fito mata, takan zubo sinadarai fiye da kima cikin jini, sai hawan jini ya biyo baya. Irin wannan hawan jinin yakan bijire wa magungunan da aka saba, domin tushensa daban ne.

Ƙari iri biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne wanda likitan nan ɗan Amurka, Jerome Conn, ya bayyana a shekarar 1955. Yana fitar da sinadarin aldositeron, wanda ke sa ƙoda ta riƙe gishiri ta zubar da fotashiyam. Maganinsa spironolactone ne ko eplerenone, masu toshe aikin sinadarin. Na farkon yakan kumbura wa wasu maza nono, kuma dukansu biyu suna bukatar a riƙa auna fotashiyam ɗin jini. Idan ƙarin yana gefe ɗaya, tiyata takan rage ciwon ƙwarai, wani lokaci ma ta raba majiyyaci da shi.

Na biyu, fiyokiromosaitoma, bai kai na farko yawa ba, amma ya fi haɗari. Yana kwararo adirenalin da danginsa, sai ciwon kai da gumi da bugun zuciya su taso wa mutum farat ɗaya. A nan jerin magani shi ne komai. Ana fara ba da phenoxybenzamine ko doxazosin na kwana 7 zuwa 14 kafin tiyata, domin jijiyoyin jini su saki, sannan a ƙara propranolol ko atenolol idan zuciya tana sauri. Wanda ya fara da na biyun, jijiyoyinsa sukan ƙara tsukewa, jinin ya yi tashin da zai iya halaka shi.

Wannan ne ya sa sayen maganin hawan jini a kemis bisa shawarar aboki yake ganganci. Haka ma likitan da ke ta ƙara ƙwaya a kan ƙwaya ba tare da neman sanadi ba, bai sauke nauyin da ke kansa ba. Duk wanda jininsa ya ƙi sauka da magunguna uku, ko ciwon ya same shi da ƙuruciya, ko fotashiyam ɗinsa ya yi ƙasa, yana da haƙƙin ya nemi a binciki adirenal ɗinsa. Binciken yakan fara ne da gwajin jini ko na fitsari, kuma kuɗinsa bai kai na jinyar shanyewar ɓarin jiki ba.