Duwatsun Zuru da Tseren Gudu

A shekarar 1960 Abebe Bikila, mutumin Habasha, ya ci tseren dogon zango a birnin Rum ba ko takalmi a ƙafarsa. Hawa da gangarar tuddan ƙasarsu su suka hore shi. To, ƙasar Zuru me ta rasa? Ga duwatsu, ga rafuka, ga samarin da golmo, wato noman neman aure, ya gasa. Tsari kaɗai ne babu.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta da akawunan hukuma su shata hanyar gudu daga Zuru zuwa Dabai, a auna nisanta, a kakkafa alamu. Amma kada a doshi dazuzzukan Wasagu da yara tukuna, sai ɓarayin daji sun kau.