Hotunan Da Muka Zuba a Faifan CD

Masu karatu, a wannan wata muna so mu taɓa zancen wani abu da ke kwance a gindin akwati a gidajenmu da yawa. Bayan shekara ta 2000, da wuya a yi biki ko suna a Kano mai hoto bai kawo faifan CD ba. Wasu har suka sa aka zuba musu takardar aure, da ta baftisma, da takardun makarantar yara. A lokacin Kasuwar Ƙofar Wambai a cikin birni ita ce matattarar masu sayar da fina-finai, faifai kuwa ya yi arha ƙwarai. Aka riƙa cewa abin da ya shiga faifai ya zauna ke nan har abada. To, ba haka ba ne.

Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da CD a 1982. Wancan iri a masana'anta ake buga shi, kamar yadda ake buga hatimi. Amma wanda ake zuba wa hotuna a shago, wato CD-R, daban yake. A cikinsa akwai wani siririn shafe na rini. Na'ura takan harba haske mai zafi ta ƙona 'yan ɗigo a jikin rinin, waɗannan ɗigo kuwa su ne hoton amarya da rubutun takardar. Duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata ya san halin rini: a bar zane a rana, sai ya koɗe. Haka rinin faifai yake. Zafin bazara na Kano, wanda kan haura digiri 40, da laimar damina, suna cinsa a hankali, ko da ba a taɓa shi ba. Faifai ɗaya yana ɗaukar megabait 700, wato ɗaruruwan hotuna, rana ɗaya kuma sai ya ƙi buɗewa.

Mutane sukan kiyaye fuskar nan mai ƙyalli, su yi sakaci da bayan. Alhali kuwa rinin yana dab da ɓangaren da ake rubuta suna. Kada a yi rubutu a nan da biro, kada kuma a manna takarda. In ƙurar hunturu ta hau shi, a share da ƙyalle mai taushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba.

Ga kuma wata matsala. Yawancin sababbin kwamfutocin hannu ba su da wurin sa faifai. Saboda haka shawararmu ita ce kada a jira. A fito da faifan a wannan mako, a nemi mai shagon da har yanzu yake da na'urar, a kwafe kome a ajiye wuri biyu, ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan'uwa. Hotunan da suka fi daraja, musamman na iyaye da kakanni da suka rigaye mu, a wanke su a takarda. Tsofaffin hotunan da ke Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, ido kawai suke bukata, babu ruwansu da wutar lantarki. In an wanke, a zauna da babba a gida ya faɗi sunan kowa, a rubuta a bayan hoton da fensir, tare da shekara.