Tsohuwar Libarba Ba Abin Saye Ba Ce

A ƙasar Hadeja akan kawo wa ma'aikaci tsohuwar libarba, a ce wai ta yaƙin 1906 ce, a tsawwala kuɗi. Muna jan kunnen malamai da akawuna. Dokar bindigogi ta 1959 ta hana riƙe libarba sai da lasin Shugaban Ƙasa, wanda ya saya babu lasin, ɗauri ya sayo wa kansa. In kuma tsatsa ta ci bututun, ko gidan harsashi yana girgiɗi, hannun mai harbi za ta fara ci. In kuwa lalle ta tarihi ce, wurinta gidan adana kayan tarihi, irin Gidan Makama na Kano. A ganinmu, ko kwabo aka ce, ta yi tsada.