Leicester City: Shin salon wasa ne ke kai kulob gasar Firimiya?

A daren 30 ga watan Janairun 2024, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Leicester City ta doke Swansea da ci 3-1 a filin wasanta na King Power, tana kuma zaune a saman teburin gasar Championship ta Ingila da tazara mai faɗi.

Amma kocinta, Enzo Maresca, bai fito daga filin da fara'a ba. Ya nuna rashin jin daɗinsa kan gunagunin da 'yan kallo ke yi, ya kuma shaida wa manema labarai cewa duk ranar da aka fara shakkar salon wasansa, washegari zai kama gabansa.

Abin da ya ɗaure wa mutane da dama kai shi ne yadda magoya baya za su riƙa ƙorafi alhali ƙungiyarsu na cin wasa. Wannan muhawara ta ci gaba har ƙarshen kakar wasan, kuma ta bar darasi game da abin da ke faruwa a duk lokacin da ake tseren haurawa gasar Firimiya.

Abin da ake takara a kai

Championship ita ce rukuni na biyu a ƙwallon ƙafar Ingila. A kakar 2023/24 ƙungiyoyi 24 ne suka fafata, kowacce ta buga wasa 46. Ta ɗaya da ta biyu suka haura kai tsaye, yayin da huɗun da ke biye suka shiga wasannin cike gurbi domin neman kujera ta uku, inda aka yi wasan ƙarshe a filin Wembley da ke Landan.

Masana harkar kuɗin wasanni sun ƙiyasta cewa haurawa na kawo wa kulob sama da fam miliyan 100, galibi daga kuɗin nuna wasa a talabijin.

Ga Leicester kuwa, lamarin ya wuce neman suna. Ƙungiyar da ta ba duniya mamaki da lashe kofin Firimiya a 2016 ta faɗa rukuni na biyu a watan Mayun 2023 da nauyin albashi mai yawa a kanta. Ta sayar da James Maddison ga Tottenham, Harvey Barnes kuma ga Newcastle. A watan Maris na 2024 hukumar gasar Firimiya ta tuhume ta da karya ƙa'idar kashe kuɗi.

Masu kallo a Najeriya ma ba a bar su a baya ba, domin kulob ɗin ya zama sananne a gidajen kallon ƙwallo tun bayan da Ahmed Musa ya koma can a 2016, daga bisani Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho suka biyo baya a 2017.

Ɓangarori biyu

Maresca, ɗan ƙasar Italiya, ya zo ne daga Manchester City inda ya yi wa Pep Guardiola mataimaki, kuma da tsarin maigidan nasa ya iso.

Mai tsaron gida Mads Hermansen ba ya buga ƙwallo gaba sai dole, gajeren fasin yake bai wa 'yan baya. Ricardo Pereira kan bar gefe ya shigo tsakiya ya tsaya kusa da Harry Winks. Shi kuwa Ndidi, wanda aka sani da tare ƙwallo a gaban 'yan baya, an matsa da shi gaba domin ya riƙa kutsawa cikin yadi na 18.

Manufar ita ce a riƙe ƙwallo, a jawo abokan hamayya su fito, sannan a sami kafar da za a bi.

Masu goyon bayan kocin na kafa hujja da sakamako, domin Leicester ta ci 13 daga cikin wasa 14 na farko. A ganinsu, ƙungiyar da ta fi kowa ƙwararrun 'yan wasa ba ta da dalilin jefa ƙwallo sama ana kokawa a kai.

Masu suka kuwa na cewa wasan ya cika sanyi, ana ta mayar da ƙwallo baya, kuma babu wata dabara ta biyu idan ta farkon ta cije. Yawancinsu sun saba da Leicester ta zamanin Claudio Ranieri, mai barin ƙwallo ga abokan hamayya sannan ta kai farmaki cikin sauri ta hannun Jamie Vardy. A wurinsu, an sauya wa kulob ɗin hali ne.

Lokacin da al'amura suka dagule

A tsakiyar watan Fabrairu Leicester na gaba da maki 12. Daga nan ne ƙasa ta fara zame mata.

Middlesbrough ta doke ta da ci 2-1 a gida. A ranar 23 ga watan ta je Leeds, ta fara cin ƙwallo, ta ɓarar da damammaki, sannan aka zura mata uku a mintuna goman ƙarshe. QPR ma ta bi ta har gida ta doke ta. Kafin watan Maris ya ƙare, Leeds ta hau saman teburi.

Daga 17 ga Fabrairu zuwa 12 ga Afrilu, an doke Leicester sau shida a wasa goma. Uku daga ciki, a gidajen Bristol City da Millwall da Plymouth, duk da ci ɗaya mai ban haushi ne.

Masu suka sun ga abin da suka daɗe suna faɗa: ƙananan ƙungiyoyi sun gano cewa idan suka taru a bayansu suka ƙi fitowa, Leicester za ta yi ta zagaye ba tare da ta sami hanya ba. Idan kiɗa ya canza, in ji su, rawa ma sai ta canza.

Ɗaya ɓangaren ya mayar da martani da cewa matsalar ta ɓarar da dama ce, ga kuma raunin da ya hana Ndidi wasa na tsawon makonni, har bai je gasar cin kofin Afirka a Cote d'Ivoire ba. A cewarsu ba a fafe gora ranar tafiya, don haka sauya tsari a watan Afrilu ruɗani kawai zai kawo.

Maresca bai sauya ba. A ranar 23 ga Afrilu Leicester ta lallasa Southampton da ci 5-0, inda Abdul Fatawu Issahaku, matashi daga Tamale ta ƙasar Ghana, ya ci uku. Ta kammala a matsayi na ɗaya da maki 97, ta ci wasa 31, ta zura ƙwallo 89.

Darasi daga Leeds

To sai dai kuma kafin a yanke hukuncin cewa kocin ne mai gaskiya, yana da kyau a dubi Leeds.

Ƙungiyar ta Daniel Farke ta ci wasan gasar tara a jere a farkon 2024, ana ta yabon saurinta. Amma a wasa shida na ƙarshe guda ɗaya kacal ta ci, har QPR ta zura mata huɗu ba ko ɗaya. Nan take magoya baya suka koma zargin Farke da jinkirin sauya 'yan wasa da kuma gajiyar da waɗanda ya fi amincewa da su.

Leeds ta ƙare da maki 90, adadin da a shekaru da dama ya kan isa a haura, amma Ipswich ta tara 96. A Wembley, Southampton ta doke ta da ci 1-0. Sakamakon haka ta rabu da Crysencio Summerville da Georginio Rutter da Archie Gray.

Duka ƙungiyoyin biyu sun yi tuntuɓe. Bambancin shi ne na Leicester ya zo tana da ajiyar maki da sauran lokacin gyara, na Leeds kuma ya zo a bakin ƙofa. Shugabannin Leeds ba su kori Farke ba, kuma a 2025 ya lashe gasar da maki 100.

Wannan na nuna cewa hukuncin magoya baya kan salon wasa ya fi bin sakamakon makonni uku ko huɗu na baya-bayan nan, da kuma fargabar abin da za a rasa, fiye da abin da ya sauya a fili.

Bayan haurawa

Maresca ya koma Chelsea a watan Yunin 2024. Leicester ta ɗauko Steve Cooper, wanda ya rage riƙe ƙwallo, ta sallame shi a watan Nuwamba, ta kawo Ruud van Nistelrooy, kuma ta faɗo da maki 25.

Southampton ta nace kan gajeren fasin ƙarƙashin Russell Martin har ta kore shi a watan Disamba, ta ƙare da maki 12. Ipswich ma ta biyo su. Wannan ne karo na biyu a jere da duka ƙungiyoyi ukun da suka haura suka koma inda suka fito, bayan Burnley da Luton da Sheffield United a 2024.

Ke nan wanda ya sauya salo da wanda ya ƙi sauyawa duk makoma ɗaya suka samu. Masu lura da al'amura na danganta hakan da giɓin kuɗi da na ingancin 'yan wasa tsakanin rukunin biyu, giɓin da dabarar koci kaɗai ba ta iya cikewa.

Magoya bayan Leicester sun shafe kakar 2023/24 suna jayayya kan yawan fasin da 'yan bayansu ke yi. Tambayar da ta fi nauyi, wato ko kulob ɗin na da kuɗi da 'yan wasan da za su riƙe shi a Firimiya, ba ta samu irin wannan kulawa ba sai bayan da aka ɗaga kofi.