Hoto Ɗaya Bai Isa Shaida Ba

'Yan'uwa malamai, kaɗan ne daga cikinmu suka manta da ƙarshen shekarar 2017. A lokacin ne gwamnatin jiha ta bayyana cewa cikin malaman firamare kimanin 33,000 da suka zauna jarrabawar gwaji, 21,780 sun kasa samun maki 75 cikin ɗari. Ba a jima ba hotunan wasu takardun amsa suka bazu a Facebook da Twitter, har direban bas a tashar Kawo ya san irin rubutun da ake cewa namu ne. Ba mu zo tayar da tsohuwar gardama ba. Darasi guda muka riƙe: an yi mana hukunci da hoto, mu kuwa a ranar ba mu da hoto ko ɗaya na abin da muke yi a aji da za mu ɗaga.

Aikin malami canji ne da ke faruwa sannu a hankali a cikin yaro, kuma canji ba ya bayyana a hoto guda. Idan aka ɗauki shafin littafin ɗalibi ɗan aji biyu, aka ga haruffa sun karkace, ya rubuta "bera" a maimakon "ɓera", mai kallo zai ce malamin bai iya aikinsa ba. Amma idan aka ajiye kusa da shi shafin da yaron nan ya cika wata uku kafin haka, inda ko bambancin b da d bai sani ba, nan take hukuncin zai sauya. Ra'ayinmu shi ne, kowane malami a wannan reshe ya koyi jera hotuna biyu gefe da gefe a fuskar kwamfuta, ya kuma mai da hakan al'adar kowane zangon karatu.

Hanyar ba ta da wuya. A makon farko na zango a yi wa yara shifta ta jimla biyar, ko a ba su lissafi goma, a ɗauki hoton shafin da waya. A makon ƙarshe a sake ba su irin wannan aiki daidai, a sake ɗauka. Idan an tura hotunan cikin kwamfuta, sai a buɗe na farko, a danna maɓallin Windows tare da kibiyar hagu, hoton zai tsaya a rabin fuskar ta hagu. A buɗe na biyu, a danna maɓallin tare da kibiyar dama. Tun Windows 7, wadda ta fito a 2009, ake da wannan dabara, don haka tsohuwar kwamfutar ofishin hedimasta ma za ta iya. Mai son bugawa a takarda ya zana jadawali mai gida biyu a Word, ya sa kowane hoto a gidansa, ya rubuta kwanan wata a ƙarƙashi.

Mun ga amfanin hakan da idonmu. A zangon da ya wuce wani uba ya zo makarantarmu da niyyar cire 'yarsa, yana cewa shekara biyu ke nan tana zuwa, bai ga abin da ta iya ba, gara ta taya mahaifiyarta talla. Malamar ajin ba ta yi dogon bayani ba. Ta zaunar da shi, ta nuna masa shafuka biyu a jere. Ya daɗe yana duban na hagu, ya koma na dama, sa'an nan ya ce, "Malama, wannan duk hannunta ne?" Yarinyar tana aji har yau. Gani ya kori ji.

Sai dai wajibi ne mu faɗa wa kanmu gaskiya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A cikin shafuka goma da muka jera daga wani aji namu, huɗu ba su nuna wani ci gaba ba, kuma dukkan yaran huɗu a bayan aji suke zaune, inda allo ba ya ganuwa sosai. Rajistar maki ba ta taɓa nuna mana haka ba, don lamba ba ta faɗin wace harafi ce ke ba yaro wuya. Mun matso da su gaba, mun sake koya musu ɓ, ɗ da ƙ daga farko. Wanda ke son hoto ya wanke shi, dole ya yarda hoton ya gyara shi.

Saboda haka akwai ƙa'idojin da ba za a tsallake ba. Kada a zaɓi masu ƙoƙari kawai. A bi rajista a ɗauki kowane yaro na biyar ko na goma. Aikin farko da na ƙarshe su zama iri ɗaya, kada malami ya taimaka a na biyu. Kada fuskar yaro ko sunansa ya fito a hoto, lambarsa ta rajista ta wadatar. Kuma kada a jefa aikin ɗan wani cikin zauren WhatsApp don a yi dariya. Mu da muka san zafin a yaɗa takardar mutum, bai kamata mu yi wa yaro haka ba.

Za a ce mana babu wuta, babu kwamfuta, ga aji ya cika har yara na zaune a ƙasa. Duk gaskiya ne, kuma ƙungiya ba za ta daina neman a gyara su ba. Amma hoton shafi goma sau biyu a zango ba ya cin minti ashirin, kuma kwamfutar tafi-da-gidanka guda ta ishi makaranta gaba ɗaya. Hasali ma waɗannan hotuna za su ƙarfafa koke-kokenmu. Idan muka jera aikin ajin da ke da yara arba'in kusa da na ajin da ya ninka haka, a gaban kwamitin kula da makaranta ko jami'an Hukumar Ilimin Bai Ɗaya, ba sai mun ɗaga murya ba.

Muna roƙon shugabannin reshe su ware sa'a ɗaya a taro mai zuwa, waɗanda suka iya su koya wa sauran, daga Unguwar Dosa har Kabala, daga Malali har Unguwar Shanu. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan wata rana aka sake ɗaga hoto guda aka ce ga malaman Kaduna, mu kasance muna da biyu a hannu, da kwanan wata a ƙarƙashin kowane.