Yabon Gwani Ya Zama Dole, Ko Da Ba Ɗan Jam'iyyarmu Ba Ne

'Yan uwa matasa, a Amurka kusan kowace gunduma tana da sherif, shugaban tsaron da jama'a ke zaɓa da ƙuri'arsu. Sun haura 3,000. Mataimakansu ne ke sintiri a karkara, su tsare kotu, su kula da gidan yari. Ofisoshi da dama kan karrama mataimakin da ya yi fice a gaban iyalinsa, musamman wanda ya sa ransa a haɗari ya ceci wani. Tun 1962 kuma aka ware 15 ga Mayu domin tunawa da jami'an da suka rasu a bakin aiki.

Me ya kawo wannan magana? Mu ma tsaro yana dawowa hannun 'yan gida. Katsina ta kafa rundunarta a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a 2024. Yaran nan 'yan unguwanninmu ne, su ke kwana a daji mu yi barci. To wa ya san sunan guda cikinsu kafin a kawo gawarsa?

Ku tuna Daniel Amah, ɗan sandan da ya ƙi cin hancin dala 200,000 a Kano a 2022. Da aka karrama shi, ƙananan jami'ai sun ga gaskiya ma tana da riba.

Don haka ina kira ga shugabannin ɓangarenmu: a sa karramawar shekara-shekara cikin manufofinmu. Jama'ar gari su zaɓi gwaninsu, ban da katin jam'iyya, ban da ɗan lelen wane. Wanda ya rasu kuma, a ɗauki nauyin karatun marayunsa.

Allah Ya tsare masu tsaronmu.